Kotun Ƙoli Ba Ta Haramta Kare Kai Ba

Kwana uku ke nan wata murya tana yawo a WhatsApp daga Augie zuwa Argungu, har ƙanena da ke Birnin Kebbi ya turo mini ita sau biyu. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, amma yana yanke hukunci kamar alƙali. Wai an yi sabuwar doka a Abuja. Wai idan maigida ya kashe ɗan fashi ɗaya, jinin yana wuyan abokan fashinsa. Wai kuma duk wanda ya kashe mai kawo masa hari rataye shi za a yi, don haka in abin ya faru a binne gawa a ja baki a yi shiru. Bai ma lura maganarsa ta biyu tana karo da ta uku ba.

Sabuwar dokar da ba ta da suna ba ta da rana, a bar ta nan. Ta biyun kuwa ƙa'ida ce ta wasu jihohin Amurka, ba ta cikin dokar Final Kot da Arewa ta gada tun 1960. Abokan fashi za su amsa laifin fashinsu, kuma wannan kaɗai ya ishe su.

Ta ukun ce ke hana ni barci. Ban ga laifin wanda ya gaskata ta ba. Mutanen da suka yi jana'izar mutum 15 a Mera cikin Nuwamban 2024, bayan artabu da 'yan bindigar Lakurawa a kan shanun da aka kora, suna da dalilin tsoron cewa doka ma ta juya musu baya. Kuma muryar ta jingina ne da wata shari'a ta gaske.

Sunday Jackson manomi ne a jihar Adamawa. A 2015 wani makiyayi ya far masa da wuƙa a gona, ya ji masa rauni, shi kuma ya ƙwace wuƙar ya soke shi a wuya, ya mutu. Babbar kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar ranar 7 ga Maris, 2025. Hujjar alƙalan ita ce tunda wuƙa ta dawo hannunsa, yana da damar gudu, kuma saran ya wuce abin da kare kai ke bukata. Mai shari'a Helen Ogunwumiju ta Kotun Ƙolin ta ƙi yarda da su, ni ma ra'ayinta nake bi: mutumin da jini ke zuba a jikinsa ba ya tsayawa lissafi. A Disamban 2025 Gwamna Ahmadu Fintiri ya yi masa afuwa.

Duk da haka, kotun ba ta soke 'yancin kare kai ba. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 yana nan daram, ya halatta amfani da ƙarfi gwargwadon bukata don kare mutum daga hari ko kare dukiya. Abin da alƙali ke tambaya shi ne: a lokacin da ka kai sara, rayuwarka tana cikin haɗari, ko haɗarin ya wuce? Ɓarawon da aka riga aka ɗaure, taro ya rufe shi da duka, ba ya cikin wannan kariya ko kaɗan.

Babu mai iya yi maka alkawarin yadda shari'a za ta ƙare, shaida ce ke magana. To wanda ya binne gawa a ɓoye ya binne shaidarsa da hannunsa: makamin maharin, raunin jikinsa da likita bai rubuta ba, maƙwabtan da suka ji ihu. Ɓoye shaida ma laifi ne mai zaman kansa, kuma ranar da aka tono, wa zai yarda kare kai ne?

Idan Allah ya kawo wannan jarrabawa, a sanar da mai unguwa ko hakimi, a kai rahoto ga 'yan sanda, a je asibiti a rubuta rauni, a nemi lauya kafin a sa hannu a kowace takarda. Wanda muryar ta iso wayarsa, don Allah ya goge ta, ya kuma gaya wa wanda ya turo masa dalili.