Yadda A Ke Neman Shiga Karatun Gyaran Magana

Da wuya malami ya shekara biyu yana koyarwa a firamare bai gamu da yaro mai in'ina ba, ko mai tsamin baki, ko wanda ya kai shekara shida amma maganarsa ba ta wuce ta ɗan shekara uku ba. Abin da a kan yi wa irin wannan yaro shi ne a mai da shi can ƙarshen aji, a daina tambayarsa, wai don kada 'yan'uwansa su yi masa dariya. To, akwai mutanen da aikinsu ke nan su taimaki irin waɗannan yara, kuma sai sun yi karatu mai zurfi kafin a yarda su taɓa kowa. Tun da ya ke waɗansu ɗalibanmu suna tambayar hanyar shiga wannan karatu, bari mu bayyana ta gwargwadon hali.

Da farko dai, kada sunan ya ruɗe ku. Mai gyaran magana ba in'ina kaɗai ya ke dubawa ba. Shi a ke kai wa dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɓace masa alhali hankalinsa yana nan daram. Shi a ke kai wa jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe ko tsagaggiyar ganda, bayan likita ya ɗinke. Shi ke koya wa yaron da aka sa wa na'urar ji yadda zai furta abin da ya fara ji. Har wanda haɗiya ta gagare shi, abinci yana bi masa ta hanyar iska, wurinsa a ke zuwa, domin gaɓoɓin da mu ke magana da su, da su mu ke haɗiya. Mu malamai ma muna cikin masu zuwa wurinsa, saboda dishewar murya ciwon sana'armu ne.

Ilmin ba tsoho ba ne ƙwarai. A shekarar 1861 wani likita Bafaranshe mai suna Broca ya duba ƙwaƙwalwar wani majinyaci bayan rasuwarsa, mutumin da ya yi shekaru ba ya iya faɗin kome sai gaɓa guda. Ya tarar da lahani a gefen hagu na ƙwaƙwalwar, ta wajen gaba. Daga nan likitoci suka soma gane magana tana da mazauninta a kai. A Amurka an kafa ƙungiyar masu wannan aiki a 1925, ita ce a ke kira ASHA yanzu. A Ingila kuwa an kafa tasu a 1945, cikin waɗanda suka kafa ta har da Lionel Logue, mutumin Ostareliya, wanda ya taimaki Sarki George na Shida a kan in'inarsa.

Mu fara da Amurka, don can ne hanyar ta fi tsawo, kuma can mutane suka fi yin kuskure. A wannan ƙasa digiri na farko ba ya sa mutum ya zama mai gyaran magana, lalle sai ya yi na biyu. Digiri na biyun kuma sai a jami'ar da hukumar tantancewa ta ASHA ta amince da karatunta. Irin waɗannan wurare sun kai 300, kuma ƙungiyar tana da jerinsu a intanet, a wani shafi mai suna EdFind. Kafin mutum ya kashe ko kwabo, ya fara duba ko sunan jami'ar da ya ke so yana ciki. Karatun shekara 2 ne, galibi ba a hutun bazara.

Yanzu ga inda zancen ya shafe mu. Wanda ya fita kwaleji da takardar NCE bai kai ga neman digiri na biyu ba tukuna, sai ya ƙara ya sami na farko. Amma ba dole ne digirin farkon ya zama na gyaran magana ba. Wanda ya karanta ilmin koyarwa, ko ilmin harsuna, ko ilmin halayyar ɗan Adam, yana iya nema. Sai dai za a ce ya cike giɓi, watau ya yi waɗansu darussa na share fage: ilmin furuci, da sanin gaɓoɓin magana da yadda su ke aiki, da yadda yaro ke koyon harshe, da ilmin ji. Waɗansu jami'o'i su kan ɗauki mutum su ƙara masa shekara guda don waɗannan darussa, karatunsa ya zama shekara 3. Waɗansu kuwa ba su duban takardarsa sam sai ya gama su a wani wuri. Bayan wannan, ASHA tana so mutum ya taɓa yin darasi a jami'a cikin fannoni huɗu: ilmin halittu, da fiziks ko kemistiri, da ƙididdiga, da ilmin zaman jama'a ko na halayya. Wanda ya guje wa kimiyya tun sakandare, to, ga ta nan tana jiransa a bakin ƙofa. Saboda haka ɗalibin da ya ke da wannan niyya, ya zaɓi waɗannan darussa tun yana digirin farko, ya fi masa sauƙi da arha.

Jami'o'i da yawa ba su karɓar takardun nema kai tsaye. Akwai wata cibiya a intanet, sunanta CSDCAS, inda mutum zai cika takarda guda, ya zaɓi jami'o'in da ya ke so, ita kuma ta aika musu. A kan buɗe ta wajen watan Yuli, yawancin jami'o'i kuwa su kan rufe karɓa tsakanin Disamba da Fabrairu, a shiga aji cikin Agusta ko Satumba. Watau shiri ya kan ci shekara guda cur. Kowace jami'a da aka ƙara akwai kuɗinta dabam, da dala a ke biya.

Abin da ya fi cin lokaci ga mutumin Nijeriya shi ne takardar sakamakon jarrabawa. Ba a karɓar wadda ɗalibi ya riƙe a hannunsa. Sai jami'arsa ta aika da ita da kanta zuwa wata hukuma mai suna WES, wadda za ta auna kowane darasi da ma'aunin Amurka. Mu a nan yawancin jami'o'inmu a kan maki 5 su ke lissafi, su kuwa a kan 4. Mafi yawan wurare ba su duban wanda ya kasa 3 cikin 4, waɗanda a ke ɗauka kuwa sau da yawa sun wuce haka nesa, domin masu nema sun fi kujeru yawa. Kowa ya san yadda fitar da takarda ta ke a ofisoshinmu. Wanda ya bari sai Nuwamba sa'an nan ya nemi tasa, ya sa ran shekara mai zuwa.

Sa'an nan a kan nemi wasiƙun shaida, galibi guda 3. Abin da masu zaɓe su ke so shi ne malamin da ya koyar da kai, ya ga aikinka, zai iya cewa ga abin da ka yi a ajinsa. Wasiƙar wani babban mutum wanda bai san ka ba sai ta wurin mahaifinka ba ta da nauyi a wurinsu, kome girman rawaninsa. Ka gaya wa malaman da wuri, ka ba su wata biyu, domin su da kansu za su aika ta intanet.

Akwai kuma takardar da mai nema zai rubuta a kan kansa, shafi ɗaya ko biyu, ya faɗi dalilin da ya sa ya ke son wannan aiki. A nan mutane da yawa su ke zubar da damarsu. Kowa sai ya rubuta wai yana son taimakon jama'a, masu karantawa kuwa sun ga wannan magana sau ɗari kafin su iso kan tasa. Alhali ɗalibin kwalejin horon malamai yana da abin faɗi wanda ɗan Amurka ba shi da shi. Ya tsaya gaban aji mai yara sittin lokacin gwajin koyarwa. Ya ga yaron da ke jin Hausa a gida, da Yarbanci a kasuwa, da Turanci a makaranta. Ya rubuta abin da ya gani da idonsa, da abin da ya gwada, da inda saninsa ya ƙare har ya ga yana bukatar ƙari. Amma kada ya ambaci sunan yaron, domin riƙe sirrin majinyaci yana cikin abin da a ke aunawa.

A ganina babban jarin Bahaushe a wannan fage shi ne harshensa. Cikin manyan darussan wannan ilmi akwai rarrabe bambancin harshe da ciwon magana. Yaron da ya tashi da Hausa in ya musanya harafin p da f cikin Turanci, ba shi da ciwon kome, Hausa ce ba ta raba su ba. Basakkwacen da ya ce hwara maimakon fara, lafiyarsa lau. Amma yaron da ya kai shekarun makaranta bai iya raba ƙ da k ba, ko ɗ da d, alhali duk tsararsa sun iya, wannan a duba shi. Ga kuma karin sauti da tsawon wasali, waɗanda su ke raba gashin kai da gashin nama, ko farin zane da farin da ke kashe shuka. Gwaje-gwajen da a ke auna maganar yara da su a Amurka da Ingila, a kan yara masu jin Turanci aka tsara su, ba su san da wannan ba. In aka ɗauko su haka nan aka auna yaron Kano, sai a maƙala wa mai lafiya ciwo, mai ciwo kuma ya wuce ba a gane ba. Wanda ya nuna wa masu zaɓe ya fahimci wannan, ya nuna musu ya san aikin tun bai fara ba.

Game da jarrabawar shiga, dā kusan ko'ina sai an yi wadda a ke kira GRE, amma tun daga 2020 jami'o'i da yawa sun daina nemanta. A duba ka'idar kowace jami'a. Ta Turanci kuwa, watau TOEFL ko IELTS, waɗansu wurare su kan ɗauke wa 'yan Nijeriya, waɗansu ba su ɗaukewa. Inda a ke nema, makin ɓangaren magana ya kan fi na sauran fannonin karatu tsanani, dalili kuwa a fili ya ke: wanda zai gyara furucin wani, lalle a ji nasa sarai.

In an dace an shiga, sai a haɗa aji da asibiti. Kafin a gama, ɗalibi zai cika awa 400 na aiki a ƙarƙashin ƙwararre. Awa 25 na kallo ne kawai, 375 kuwa shi da kansa zai yi aiki da majinyata. Waɗansu jami'o'i suna so a gama awoyin kallon kafin a zo, kuma ba su ƙirga su sai in wanda aka kalla yana da shaidar ASHA. Saboda haka kallon da mutum ya yi a asibitin Ikko ko Ibadan mai yiwuwa ba zai shiga lissafi ba, ko da ya ke yana da amfani ƙwarai wajen rubuta takardar nema. Bayan digiri akwai jarrabawar ƙasa mai suna Praxis, sa'an nan aikin gwaji na aƙalla mako 36, awa 1,260, kana a ba mutum cikakkiyar shaida. Kowace jiha kuma tana da lasisinta.

Zancen kuɗi ba shi da daɗi. Taimakon karatu a wannan digiri kaɗan ne, domin ɗalibi yana asibiti yini, ba shi da sarari da yawa na yi wa jami'a aiki a rage masa kuɗi. Kafin a ba baƙo takardar neman biza, sai ya nuna yana da abin da zai riƙe shi shekara guda. Dokokin biza kuma suna sauyawa, har a kan ƙuntata wa 'yan waɗansu ƙasashe, don haka a bincika halin da a ke ciki a ofishin jakadanci tun kafin a biya kuɗin nema.

Hanyar Ingila ta ɗan fi gajarta. Can a kan zama mai gyaran magana da digirin farko, wanda kuwa ya riga ya yi digiri a wani fanni sai ya yi na biyu na shekara 2, kamar yadda a ke yi a Sheffield da Reading da Newcastle. Hukumar da ke yi musu rajista, HCPC, ta fi tsananta musu a kan Turanci bisa sauran ma'aikatan lafiya: baƙon da aka nemi ya yi IELTS sai ya ci 8, kuma kada wani ɓangare ya kasa 7.5.

Wanda ba shi da halin ƙetare teku, ƙofa ba ta rufe masa ba. A garin Oyo akwai kwalejin tarayya ta horon malaman masu bukata ta musamman, wadda aka kafa a 1977. A Jami'ar Ibadan kuma, sashen ilmin masu bukata ta musamman yana koyar da ilmin ji da gyaran magana har zuwa digiri na biyu, kuɗinsa da naira, majinyatansa kuwa masu jin harsunanmu ne. Ko a gida aka yi karatun ko a waje, wanda zai yi aikin a Nijeriya sai ya yi rajista da hukumar MRTB, wadda aka kafa a 1988, ita ce kuma ke kula da masu gashin ƙashi. Wanda ya karanto a waje zai kai mata takardunsa ta duba kafin ta ba shi izni, saboda haka ya adana lissafin awoyinsa na asibiti, da sa hannun waɗanda suka duba shi, kada ya bar ko ɗaya a can.