Tsofaffin ƴan lakwal ɗaya: gaisuwar safe da ke riƙe da ƴan ritaya

A Damagaram da Maraɗi da Tawa da Yamai, akwai dattawan da ba sa karya kumallo sai sun ji motsin juna. Yawancinsu malamai ne da suka fito daga makarantar horar da malamai ta Damagaram, ko kuma ɗaliban farko na jami'ar Yamai da aka kafa a farkon shekarun 1970, wadda ta koma jami'ar Abdou Moumouni a 1992. Yau duk sun yi ritaya. Waɗanda ke gari ɗaya suna haɗuwa a fada bayan la'asar, na nesa kuma sai ta salula, musamman saƙon murya na WhatsApp, tunda ido ya fara gajiya da ƙananan haruffa.

Labaran da suke ba juna ba manya ba ne. Wannan ya ce an yi masa jika, suna ranar Asabar. Wancan ya ce likita ya hana shi gishiri saboda hawan jini. Wani ya faɗi kuɗin tiyar hatsi a kasuwar garinsu, wani ya tambaya ko ruwa ya sauka a Tasawa, wani kuma ya sanar cewa fansho ya shigo. Matashin da ya saurara zai iya cewa hirar marasa aikin yi ce. Amma da ita suke ƙidaya kansu kowace safiya. In mutum ya yi kwana biyu shiru, za a buga masa waya. In bai ɗauka ba, sai a tura wanda ya fi kusa ya leƙa gidan.

Zumuncin ya samo asali ne tun zamanin kwana a lakwal, lokacin da ɗan Gobir da ɗan Zabarma da Babarbare da Bafillace suke cin tuwo a kwano ɗaya. Da suka gama, gwamnati ta watsa su. A zamanin Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki a 1974, sabon mushe yana iya samun kansa a N'Guigmi ko Bilma ko Gaya, nesa da danginsa, wasiƙa ta yi makonni a hanya. Sun ga yunwar 1984 suna cikin aji. Sun sha wahalar shekarun 1990, lokacin da albashi kan yi watanni bai zo ba, ga kuma karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994. Wanda ya ranta maka buhun hatsi a wancan lokaci ba ya mantuwa.

Shi ya sa a tsakaninsu babu babba. Mutumin da unguwa ke kira Alhaji ko Baba, wanda ya taɓa zama darakta ko sufeto, a nan sunan tsokanarsa na lakwal ake kiransa da shi, kuma ya amsa. Wasan taubasai, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2014 da sunan Nijar, yana nan da ransa: Bafillace da Babarbare ba sa rabuwa ba su yi musun wane ne ubangidan wani ba.

Sai dai bayan dariyar akwai nauyi. Fansho ba ya kai albashi, ga maganin suga da na hawan jini da ba a dainawa, ga jikoki a gida. Dattijo kan ji kunyar faɗa wa ɗansa cewa takardar magani ta fi ƙarfinsa, amma ya faɗa wa abokin da suka yi kwana ɗaki ɗaya. Daga nan sai a yi karo-karo a asirce, jika biyu, jika biyar, a aika ta Nita ko Amana. Cikinsu akwai wanda ya san hanyar ofishin CARENI, shi ke bin takardun matar abokinsu da ya rasu. Sanarwar rasuwa ma ta yawaita, kuma kowace ɗaya tana rage masu tuna ƙuruciyar sauran.

Nan ne abin ya shafi ƴaƴansu da ke Legas ko Abijan ko Aljeriya ko Faransa. Kuɗin da ake aikowa suna biyan buƙata, amma ba sa zama kusa da gadon asibiti. Sau da yawa abokin lakwal ne kan fara lura cewa muryar tsoho ta sauya, kafin labari ya ƙetare iyaka. Ɗan da ke nesa zai amfana in ya riƙe lambar mutum ɗaya ko biyu cikin abokan mahaifinsa, ya riƙa gaishe su, in ya zo gida kuma ya je fadar ya durƙusa. Su ne za su gaya masa abin da baban ya ɓoye don kada ya tayar masa da hankali.