Ɗakin Sana'a a Gidan Cikin Birni: Tsayi, Faɗi da Hanyar Shiga

Ɗakin sana'a na gida wuri ne da mai aikin hannu yake keɓewa a ƙofar gidansa ko a cikinsa domin aiki da ajiyar kaya. A Sheshe, ɗaya daga tsofaffin unguwannin cikin ganuwar Kano, zaure ne ya daɗe yana wannan hidima: a nan tela yake kafa kekensa, baduku ya shimfiɗa fatarsa, mai ɗinkin hula ya zauna da zarensa. Sunan Sheshe yana cikin jerin Wangarawan da tarihin Kano ya ce sun iso zamanin Sarki Yaji (1349–1385), Kasuwar Kurmi da masu sana'ar wannan yanki suke kai wa kaya kuwa ta kafu zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499). Unguwa mai irin waɗannan shekaru ba ta da sauran fili. Rabon gado ya tsattsaga gidaje, lunguna sun matse, saboda haka wanda zai gina wurin aiki a yau ba ya da ikon ƙara faɗi sosai. Abin da ya rage a hannunsa shi ne tsayi, kuma shi ne aka fi yi wa rowa.

Awon ɗakin yana farawa daga kayan aiki, tun kafin a kira birkila. Ana duba abu mafi tsawo da za a riƙa juyawa a ciki. Fallen filawud ƙafa 4 ne a faɗi, 8 a tsawo, amma daga kusurwa zuwa kusurwa ya kusa ƙafa 9, don haka kafinta ba zai iya jirkita shi a tsaye a ƙarƙashin silin mai ƙafa 8 ba. Katakon da ake sarowa a 'Yan Katako ta Na'ibawa yawanci ƙafa 12 ne, kuma wanda zai tura shi cikin injin tsaga yana buƙatar wannan tsawon a gaban injin, da wani kamarsa a bayansa. Lissafin tela ya fi sauƙi: teburin keken ɗinki na lantarki kimanin ƙafa 4 ne da ƙafa 2, sai wurin kujera, sai teburin yanka, sai hanyar wucewa da ba ta gaza ƙafa 3 ba.

Magina na dā sun san wannan lissafi ta wata fuska. Azara, wato tsagin itacen giginya wanda gara ba ta cika ci ba, ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce ƙafa 6 ko makamancin haka. Domin a samu ɗaki mai faɗi sai a yi tauyi, a fito da azara daga bango hawa-hawa har tazarar ta ragu, ko a ɗaura baka daga bango zuwa bango, bakuna su haɗu a tsakiya a yi ɗaurin guga. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, kuma ana ganin irinta a Gidan Makama da ke Kano. Baka ba ta tsayuwa sai da tsayi, shi ya sa soro mai faɗi yake zama mai tsayi ko ba a yi niyya ba. Iska mai zafi tana taruwa a can sama, bango mai kauri yana jinkirta zafin rana, mai aiki a ƙasa yana samun sanyi. Da bulo da kwano suka zo, faɗi ya daina tilasta tsayi, sai aka koma yin gajerun ɗakuna domin a rage kuɗi.

Ragin kuwa bai taka kara ya karya ba. Bulo tsayinsa inci 9 ne, da simintin ɗauri ya kai inci 10, don haka sahu 12 yana ba da ƙafa 10. Daga nan cikon daɓe zai ci wani abu ta ƙasa, silin ya ci ta sama, fanka ta sauko da fiye da ƙafa guda, alhali bai kamata fukafukanta su gaza ƙafa 7 daga daɓe ba, kuma mai ɗaga katako ko sandar awo yana buƙatar fiye da haka. Ƙarin sahu biyu a lokacin gini kuɗin bulo ne da filasta kawai. Ƙara su bayan an yi rufi yana nufin kwance kwano da katako da wayarin gaba ɗaya. Ɗakin da ya kai ƙafa 12 a ciki yana ɗaukar dandamalin ajiya a gefe guda, a bar ƙafa 7 a ƙarƙashinsa, bandiran yadi ko fatu su koma sama. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40 a wasu ranaku, tazarar da ke tsakanin kan mutum da kwano ita ce take raba wanda zai yi aikin azahar da wanda zai rufe ya fita.

Tagogi suna tafiya da tsayin. Ƙa'idar da masu zanen gini suke yawan bi ita ce faɗin tagogi ya kai kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓe, a kuma sa su a bangaye biyu domin iska ta ratsa. A cikin birni akwai wani sharaɗin: malaman Malikiyya sun hana buɗe tagar da za ta tsinkayi cikin gidan maƙwabci. Taga ta sama, wadda ta wuce kan mai tsaye, tana warware duka biyun, tana fitar da zafi, tana shigo da haske, ba a ganin tsakar gidan kowa. Gajeren ɗaki ba shi da bangon da za a sa ta.

Ƙofa mai ƙafa 3 ta ishi mutum, amma sau da yawa ba ta ishi inji ko kabad ɗin da aka harhaɗa a ciki ba. Mai ganye biyu ta fi. Sai a auna lungun ma, musamman kwanarsa, domin abin da kura ba ta iya juyawa da shi ba zai iso ƙofa ba. Dokin ƙofa da daɓe su fi lungu tudu da aƙalla ƙafa guda, saboda duk lokacin da aka yi ciko ko aka shimfiɗa intalok ƙasar lungu tana hawa, tsofaffin zauruka suna komawa rami, ruwan Agusta yana kwarara cikinsu.

Haɗari mafi girma yana wajen ɗora sabon gini a kan tsoho. Bangon ƙasa da gindinsa ya sha danshi ba zai ɗauki bulo ko rufin kankare ba, kuma a cikin birni bangon yakan zama na tarayya da maƙwabci. Irin wannan aiki yana buƙatar sabon tushe, da duban injiniya, da izinin hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, da kuma sanar da maƙwabta da mai unguwa kafin a sa diga. Indararo ya zuba a lungu ko kwata, kada ya doki bangon wani. Janareta kuma ba ya zama a cikin ɗakin aiki ko a soron da ake kwana, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mai barci. A keɓe masa keji a sarari, bututun hayaƙin ya juya wa tagogi baya.