Zaman Cikin Birni: Abin da Ke Riƙe Mutane a Tsofaffin Unguwannin Kano

Akwai wata ɗabi'a da a ke yawan gani wajen ma'aikatan Kano. Mutum zai sami gidan gwamnati a Nasarawa, ko ya gina nasa a Hotoro ko Sharaɗa, mai fili da itatuwa da wurin ajiye mota, amma da la'asar ta yi sanyi sai ya kama hanyar birni. Zai ajiye motarsa a bakin titi, ya taka da ƙafa cikin lungu, ya zauna a kan tabarma a ƙofar gidan da a ka haife shi, ba zai tashi ba sai an yi sallar lisha. Wasu kuwa tun farko ba su yarda sun fita ba, ko da ya ke suna da halin fita. Wanda ya dubi al'amarin daga nesa ya kan ɗauka sabo ne kawai. Sabo yana ciki, amma shi kaɗai bai isa ya bayyana abin da ya sa mai hankali zai zaɓi lungu mai ƙunci a kan shimfiɗaɗɗen titi ba.

Idan Bakano ya ce "cikin birni", yana nufin abin da ganuwa ta kewaye. Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwar, wajen farkon ƙarni na 12, ɗansa Tsaraki ya kammala. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarautar da har yau a ke kira da sunansa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Sa'ad da Bajamushen nan Barth ya sauka a unguwar Dala cikin 1851, ya ƙiyasta mazauna garin da kamar mutum 30,000, ya kuma tarar da babban sashe na cikin ganuwa gonaki ne da fili. Watau cunkoson da a ke gani yanzu ba da shi a ka kafa birnin ba, daga baya ya zo.

Sunayen unguwannin kansu tarihi ne ga mai lura. Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa sun faɗi asalin waɗanda su ka fara zama a cikinsu. Ayagi mazaunin Yarbawa ne tun kafin zuwan Turawa. Dandalin Turawa kuwa sunan ya girmi Turawan mulki, don Larabawan Arewacin Afirka masu fataucin hamada a ke nufi, kamar yadda Alfindiki ta samo sunanta daga kalmar Larabci ta masaukin fatake. Sharifai tana komawa ga zuriyar Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Rumfa, Madabo kuma ta shahara da malanta tun zuwan Wangarawa. Wasu sunayen na sana'a ne, irin su Dukawa da Soron Ɗinki da Lokon Maƙera. Abin lura a nan shi ne yawancin waɗannan unguwanni baƙi ne su ka kafa su, jikokinsu kuwa yau su ne a ke kira Kanawan asali. Saboda haka idan mutum ya ce shi ɗan unguwa kaza ne, ya riga ya ba da rabin labarin gidansu, mai sauraro kuma zai san inda zai tambayi sauran.

Dalili na farko da ya kan riƙe mutum shi ne ginin kansa, ko da ya ke ba kowa ne zai iya faɗar haka da baki ba. Maginan Hausa sun yi aiki da abin da ƙasar ta ba su. Sun mulmula tubali da jar ƙasa, sun jera shi a bango mai kauri daga ƙasa, yana sirancewa zuwa sama. Sun yi rufi da azara ta giginya, wadda gara ba ta cika yi wa ɓarna ba. Da ya ke azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar ƙafa 6, sai su ka ƙago bakan gizo da ɗaurin guga don su rufe babban soro ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Sun shafe bango da makuba, wadda a ke samu daga kwasfar ɗorawa, sun yi laso da katsin marina don ruwa kada ya zauna, indararo kuma yana zubar da ruwan rufi nesa da gindin bango. Amfanin wannan gini a lokacin bazara ba ƙarami ba ne. Bango mai kauri a hankali ya ke shan zafin rana, kafin zafin ya ratsa ciki dare ya yi, sa'an nan ya sake shi lokacin da gari ya yi sanyi. Shi ya sa soron ƙasa ya ke da sanyi da azahar, da ɗumi a daren hunturu, alhali ɗakin bulo da kwano yana bin rana duk inda ta nufa. Ƙuncin lungu ma yana da nasa aikin, domin bangon wannan gida shi ke yi wa wancan inuwa, mai tafiya kuma ba ya daɗewa cikin rana.

Tsarin gidan ya fi kayan gininsa muhimmanci. Daga waje a kan shiga zaure, daga zaure zuwa ƙofar gida inda samari da baƙi ke kwana, sa'an nan shigifa, sa'an nan cikin gida. Kowane mataki yana da iyakar wanda zai kai gare shi, kuma ba a saita ƙofofin a kan layi ɗaya, don idon mai wucewa kada ya faɗa tsakar gida. Zaure shi ne mahaɗar gida da unguwa. A nan mai gida ya ke karɓar gaisuwa, a nan maɗinki ko baduku ya ke aikinsa, a nan a ke ɗaurin aure da raɗin suna da zaman makoki, a nan kuma malami ya ke ba da karatu. Gidan zamani ya maye gurbinsa da falo da ƙofar ƙarfe da mai gadi. Bambancin kuwa shi ne zaure kowa yana iya yin sallama ya shiga, falo sai wanda a ka buɗe wa.

Daga nan a ke gane dalili na biyu, wanda shi ne babba, watau maƙwabtaka. A tsohuwar unguwa kusan ba a rasa wata alaƙa tsakanin gida da gida, ko ta jini, ko ta aure, ko ta karatu. Yaro yana kiran duk sa'an mahaifinsa Baba, duk sa'ar kakarsa Hajiya ko Iya, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana da ikon tsawata masa idan ya gan shi a inda bai dace ba. Kwanon ciyayya yana fita daga wannan gida zuwa wancan da almuru. Idan a ka yi rasuwa, kafin dangi na nesa su iso maƙwabta sun riga sun aika a haƙa kabari, sun kawo makara, sun shimfiɗa tabarmi. Idan rigima ta tashi a kan iyakar bango ko kwata, dattawan masallaci da mai unguwa su kan kashe ta kafin ta kai gaban alƙali. Baƙon fuska kuwa ba ya wuce majalisa biyu ba a tambaye shi gidan wa ya ke nema ba. Duk waɗannan ayyuka ne da mazaunin sabuwar unguwa ya ke saye da kuɗi, ko ya jira hukuma ta yi masa, ko kuma ya rasa su gaba ɗaya.

Har wa yau, birni bai ware mutane bisa ga arzikinsu ba. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma, a Ƙoƙi ya zauna tsakanin jama'a. Malam Aminu Kano ya yi siyasarsa daga gidansa na Gwammaja har rasuwarsa a 1983, talakawa suna shiga suna fita. Rarraba mazauni bisa ga matsayi ya zo ne bayan 1903, lokacin da Turawa su ka ci Kano. Su su ka keɓe wa kansu Nasarawa, su ka yanka Sabon Gari don mutanen Kudu da su ka biyo jirgin ƙasa bayan isowarsa a 1911, su ka bar birni a hannun Sarki. Gidajen ma'aikata na baya sun gaji wannan tsari, babba da babba, ƙarami da ƙarami. Ma'aikacin da ke zaune a irin wannan wuri ba ya ganin kowa sai mai albashi irin nasa, kuma wannan hasara ce ga wanda aikinsa shi ne tsara abin da zai shafi talaka.

Ga ɗalibi kuwa akwai zancen ilmi. Makarantar allo tana kusa, malamin zaure yana ba da Ahalari da Iziyya da Risala bayan asuba ba tare da rajista ko kuɗin zango ba, kuma zawiyoyin Ƙadiriyya a Kabara da na Tijjaniyya a unguwanni da dama suna jawo masu neman karatu daga ƙasashe masu nisa. Kasuwa da masallaci da marina duk da ƙafa a ke zuwa. Hawan Salla, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024, mutanen waje su kan yi tattaki su zo kallo, ɗan birni kuwa ta bakin lungunsu dawakin su ke wucewa. Haka tashe cikin azumi, haka hawan Dala ranar Takutaha.

Amma fa zaman yana da tsadarsa, wadda mai kwana a wata unguwa, yana zuwa hira kawai, ba ya biya. Idon unguwa da ke tsare yaro shi ne kuma ya ke bin babba, har ya zamana ba abin da mutum zai saya ko ya sayar ba a sani ba. Matasa da yawa, musamman sababbin ma'aurata, wannan ne ya ke fitar da su. Sana'ar matan kulle ta dogara ga tallan yara, abin da ya daɗe yana cin karatun 'yan mata. Lungun da a ka yanka don jaki da mai tafiya a ƙasa ba ya karɓar motar kashe gobara ko ta ɗaukar majinyaci. Ruwan famfo ya shiga birni daga Calawa tun farkon shekarun 1930, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, amma hanyar fitar da ruwan da a ka yi amfani da shi ba ta samu kulawa daidai da haka ba, shi ya sa kwata ta ke bin tsakiyar lungu. Kududdufai, waɗanda asalinsu ramukan ɗibar ƙasar gini ne, sun kasance matattarar ruwan sama, duk da sauron da su ke haifarwa. An cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai, ruwan kuwa bai fasa zuwa ba, sai dai yanzu gidaje ya ke shiga. Ita kanta ganuwar, ko da ya ke an sa ta tun 2007 cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman a amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, a wurare da yawa ba abin da ya rage sai ƙofa, an ɗebe ƙasar ko an kafa shaguna a kanta.

Abin da ya fi cin tsofaffin gidaje a ɓoye shi ne rabon gado. Gidan da mutum ɗaya ya gina ya kan zama na magada ashirin ko talatin bayan zuriya biyu, wasu a ciki, wasu a Legas ko Abuja. Ginin ƙasa kuwa yana bukatar yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, maginan da su ka iya bakan gizo kuma suna raguwa, domin 'ya'yansu sun koma aikin siminti. Idan magada ba su daidaita a kan wanda zai biya kuɗin gyara ba, damina ɗaya ta kan huda rufi, ta biyu ta taɓa bango. A ta uku sai a kira dillali, musamman idan gidan yana kusa da Kurmi ko bakin titi, mai saye ya rushe shi ya ɗora bene, shaguna a ƙasa, ɗakunan ajiyar kaya a sama, ba tare da zaure ba.