Yadda Rubutu Ke Shiga Rajistar Injin Bincike

A hutun da ya wuce na kai ziyara Udubo, cikin Ƙaramar Hukumar Gamawa ta ƙasar Katagum, wurin wani abokina da mu ka gama makarantar horon malamai tare, yanzu yana koyarwa a can. Mutum ne mai son tarihi ƙwarai. Ya shekara biyu yana zama da dattawan garin bayan la'asar, yana rubuta abin da su ka ji daga bakin kakanninsu: asalin unguwanni, da jerin masu sarauta, da shekarun fari da na yalwa. Biyu daga cikin tsofaffin nan ma sun riga mu gidan gaskiya. Da ya gama sai ya sa aikin a intanet domin kowa ya amfana. Bayan wata uku ya rubuta "tarihin Udubo" a Google, bai ga ko ƙyallin aikinsa ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, ko dai sai an biya su kuɗi ne?"

Ba a biyan kome. Amma da ya ke da yawa daga cikinmu, malamai da ɗalibai, za su gamu da irin wannan, na ga ya kamata in bayyana yadda abin ya ke.

Abu na fari da za mu gane shi ne, sa'ad da ka yi wa injin bincike tambaya, ba ya tashi ya zaga duniya yana neman amsa. Rajistarsa kaɗai ya ke dubawa. Kowane malami ya san sha'anin rajista. Yaro ya iya shekara yana zuwa aji kullum, amma in ba a rubuta sunansa ba, ran da mai duba makarantu ya zo ƙidaya, yaron nan kamar babu shi ne. To, haka rubutu ya ke a intanet. Sa shi a can daban, shigarsa rajista daban.

Aikin injin mataki uku ne. Na fari yawo. Kamfanin Google, wanda Larry Page da Sergey Brin su ka kafa a Amurka a 1998, yana da wani ɗan aike na kwamfuta mai suna Googlebot. Ba ya barci, ba ya hutu. In ya buɗe shafi ya karanta, sai ya bi kowane mahaɗi da ke ciki, watau kalmomin nan da a ke taɓawa su kai mutum wani shafi, daga can kuma ya bi na gaba. Na biyu rubutawa. Abin da ɗan aiken ya kawo sai a rarraba kalmominsa, a rubuta kowace kalma da shafukan da ta fito a ciki, daidai da fihirisar da ke bayan littafi. Google ya ce fihirisarsa ta ƙunshi ɗaruruwan biliyoyin shafuka. Na uku jerawa, watau zaɓen wanda za a nuna maka da fari, da wanda zai biyo baya. Mutane sun fi damuwa da na ukun, alhali wanda bai shiga rajista ba ba shi da zancen zuwa na ɗaya.

Yaya mutum zai san ko ya shiga? Da sauƙi. Ka rubuta site: a gurbin bincike, ka liƙa masa adireshin shafinka ba tare da barin fili ba. In ya fito, yana ciki. In bai fito ba, sai ka bi dalilan nan ɗaya bayan ɗaya.

1. Babu hanyar da ta kai gare shi. Ɗan aiken nan mahaɗi ya ke bi, saboda haka shafin da babu wanda ya nuna shi kamar ruga ce a tsakiyar daji, ba turba ba burtali. Maganinsa, ka sa mahaɗinsa a shafin farko na gidanka, ka kuma roƙi wani gida da aka riga aka sani, kamar na makaranta ko na ƙungiyar gari, ya nuna shi. Har wa yau akwai taswirar gida, wata 'yar takarda da a kan raɗa wa suna sitemap.xml, mai ɗauke da jerin adireshin shafukanka duka. Google ya fito da ita a 2005, a 2006 Yahoo da Microsoft su ka yarda da ita, kuma guda tana ɗaukar adireshi har 50,000.

2. An rufe ƙofa ba da sani ba. Tun 1994 wani masani mai suna Martijn Koster ya kawo dabarar robots.txt, takardar da mai gida ke gaya wa 'yan aike inda za su shiga da inda ba za su shiga ba. Akwai kuma alamar noindex, wadda ma'anarta ita ce, "Kada ka rubuta ni." Sau da yawa maginin gidan ya kan sa su yana cikin aiki, ya gama ya manta bai cire ba. Masu aiki da WordPress su duba sashen saitin karatu, akwai wani ɗan akwati da ke hana injunan bincike rubuta gidan. In da alama a cikinsa, a cire.

3. An ajiye shi inda sai da izini a ke shiga. Abin da ka aika a WhatsApp, ko ka sa a rufaffen zaure na Facebook, ɗan aike ba ya ganinsa, gama ba shi da mabuɗi. Ko mutum dubu sun karanta shi yau, baɗi mai nema ba zai same shi ta wurin bincike ba.

4. Hoto ne, ba rubutu ba. Nan abokina ya faɗa. Ya ɗauki hoton takardunsa na rubutun hannu da waya, ya jera su. Ido yana karantawa sarai, amma ba a dogara da inji ya tsamo kalmomi daga hoton rubutun hannu ya zuba su a fihirisa, balle da Hausa. Tilas a buga rubutun da haruffan kwamfuta, sa'an nan a sa hoton a gefe don shaida.

5. Kwafi ne. In shafi biyu sun zo da magana iri ɗaya, injin ya kan zaɓi guda ya bar ɗayan. Ɗalibin da ya kwaso aikin wani ya liƙa ya wahalar da kansa a banza. Haka kuma shafin da ba shi da kome sai layi biyu, ɗan aike ya kan gan shi, amma a ƙi rubuta shi.

6. Gidan ba ya buɗuwa. In an sāke wa shafi adireshi ba a bar mai nuna sabon wurin ba, ɗan aike zai tarar da lambar nan 404, watau babu kowa. In kuɗin hayar adireshin ya ƙare ba a sabunta ba, gidan duka ya kan ɓace, a hankali kuma a share shi daga rajista. Ku lura kuma, Google yanzu da idon wayar hannu ya ke duban shafi, saboda haka abin da ba ya fitowa a waya yana cikin haɗarin a tsallake shi.

Ba sai mutum ya yi ta kame-kame ba, domin akwai inda za a gaya masa ciwon. Google yana da wani ofis na kyauta a intanet, wanda tun 2015 a ke kira Search Console. In ka tabbatar musu gidan naka ne, za ka iya miƙa taswirarka, ka sa adireshin shafi su faɗa maka ko yana rajista, in ba ya ciki su faɗi dalili, kana ka roƙa a aiko ɗan aike. Bing na Microsoft shi ma yana da irin nasa. Amma fa sai da haƙuri. Abin ya kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kuma Google da kansa ya ce bai yi alkawarin rubuta kowane shafi ba. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya shigar da kai yau yau, ka riƙe kuɗinka.

Akwai sauran abu biyu da su ka shafe mu mu masu rubutu da Hausa. Na fari haruffa masu lanƙwasa. A wurin na'ura k da ƙ haruffa biyu ne daban, haka d da ɗ, da b da ɓ. Mu malamai ne, ba mu yar da ƙa'ida don jin daɗin inji, amma mu tsaya kan rubutu iri ɗaya tun daga kan magana har ƙarshe. In suna yana da rubutu biyu, kamar Bauchi da Bauci, a ambaci na biyun ko sau ɗaya, domin mai nema da kowanne ya dace.

Na biyu sunayen wurare. Ku dubi Katagum. Akwai tsohon garin da Malam Zaki ya kafa wajen 1814, wanda Clapperton ya sauka a cikinsa a 1824, yau shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zaki. Akwai masarautar Katagum, wadda fadarta ta komo Azare a 1916. Akwai kuma Ƙaramar Hukumar Katagum, ita ma hedkwatarta Azare. Mu 'yan ƙasa ba mu ruɗewa, amma inji da baƙo sai an yi musu dalla-dalla. Kan maganar da abokina ya sa da fari shi ne "Tarihin Garinmu". Garin wa? Mu ka mai da shi "Tarihin Udubo, Ƙaramar Hukumar Gamawa, Jihar Bauchi".

Kwana huɗu mu ka yi muna bugawa, shi yana karantowa ni ina kan kwamfuta. Mu ka sa mahaɗi, mu ka miƙa taswira, na komo. Ban cika wata guda da dawowa ba ya kira ni, ya ce wani ɗalibinsa ya nema ya samu.

A 1972 wani Bature mai suna Victor Low ya buga littafi kan tarihin masarautun Gombe da Katagum da Haɗeja, wanda ya tattara daga bakin mutanen ƙasar. Yau mai nema yana samun labarinsa, domin an buga shi, an kuma rubuta shi a rajistar ɗakunan karatu. Ga mu nan, kowace shekara ɗalibanmu suna rubuta bincike kan garuruwansu, da sana'o'insu, da wasannin yaransu, a ɗaure a jibge a kabad har gara ta cinye. Gobe ku ne za a watsa makarantun Gamawa da Shira da Itas da sauransu. Yaron da ya nemi sunan garinsu a waya bai ga kome ba zai ɗauka garin ba shi da labari. Saboda haka wanda ya rubuta abu mai amfani, kada ya ce ya gama sai ya duba ya ga an kira sunansa a rajista. Allah ya sa mu dace, amin.