Laifi Tudu Ne: Yadda Kiristoci Ke Gyara Ɗan'uwa In Ya Kauce Hanya

Daga Wakilinmu na Arewa, Gombe

Duk wanda ya zauna a Nasarawo cikin garin Gombe ya san labari ba ya kwana. In budurwa ta yi ciki, ko ma'ajin wata ƙungiya ya taɓa kuɗin jama'a, kafin magariba an ji a kasuwa, kafin gari ya waye kuwa waya ta kai shi Agege da Sabo ta Ibadan. Nan fa 'yan'uwanmu mazauna Kudu za su zauna su yanke hukunci, alhali ba wanda ya ji ta bakin mai laifin.

To, me addinin Kirista ya ce game da wannan? Tambayar ta shafi mutane da yawa a nan, domin tun 1917 'yan mishan na SIM suka sauka ƙasar Tangale, daga aikinsu kuma Ekklisiyar ECWA ta fito a 1954. Yau Tangale da Waja da Tula masu yawa suna zaune a Gombe, suna sujada da Hausa, harshen da aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa a ciki tun 1932.

A Linjilar Matiyu sura ta 7, Yesu ya ja kunnen mai hangen ɗan haki a idon wani, ga gungume a nasa. Bahaushe ma ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Amma waɗansu sun mai da wannan mafaka, da an yi musu faɗa sai su ce an hana hukunci. Ba haka ba ne. Abin da aka hana shi ne ɗora kai bisa kujerar alƙali. Gyara kuwa wajibi ne, har sura ta 18 ta shimfiɗa matakansa uku. Da fari ka sami mutumin ku biyu kaɗai. In ya ƙi ji, ka koma da mutum ɗaya ko biyu. Sai in ya ƙi su ma, sa'an nan magana ta je gaban ikilisiya.

Mataki na ƙarshen nan shi ne ake kira horo. Dattawa sukan dakatar da mutum daga cin Jibin Ubangiji da riƙe muƙami na ɗan lokaci, in ya tuba a sāke karɓarsa. Nufin horo mai da ɗan'uwa gida ne, domin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sai dai akwai kukan da akan ji, cewa yarinyar da cikinta ya fito ita ke shan kunya, namijin kuwa ya sulale, kuma talaka akan kira sunansa, mai hali a yi masa raɗa.

Saboda haka, jama'a, in labarin wani ya iso muku daga gida, kada ku fara da inda Littafi ya ƙare. Kafin ku tura wa na gaba, ku kira shi kansa tukuna. In ba za ku iya gaya masa a fuska ba, to, ku kama bakinku.