Fitilar da ke shayar da waya a Matameye

Tambaya ɗaya ce ta kai ni Matameye: a ina mutane suke cajin waya? Garin shi ne hedikwatar gundumar Kance a jihar Damagaram, a kan hanyar da ta miƙe zuwa Ɗan Barto a bakin iyaka, ta wuce Daura har Kano. Cikin gari akwai wutar NIGELEC, amma da ka nausa ƙauyuka sai turakun wuta su ƙare. A Nijar kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki. Su ma masu ita sun ɗanɗana duhu a 2023, da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya bayan juyin mulkin watan Yuli, ba ta dawo ba sai a 2024.

Mai masaukina ya tarbe ni da ruwa da rake, sannan ya raka ni kasuwa. A rumfar masu fitilu na ga an jera su reras, na roba, kowace da ɗan faifanta na sola wanda bai fi littafin makaranta ba. A gefen kowace akwai 'yar kafa ta USB. Mai rumfar ya ce yanzu da wuya mai saye ya fara da tambayar haske, abin da ake fara cewa shi ne, "Tana caji?" Ya kwance wata da ta lalace ya nuna mini cikinta. Faifan ya sha rana ya cika batir mai ƙarfin bolt 3.7, sai wani ɗan allo kamar farcen babban yatsa ya ɗaga wutar zuwa bolt 5, daidai cikin waya. In allon nan ya ƙone, fitila na haske amma an daina ganin darajarta.

Kafintoci ma ba a bar su a baya ba. Na tarar da wani yana huda allon kan gadon amarya da kurfi, zai dasa irin wannan kafa. Wayar wutar tana bi ta bayan katako zuwa batir mai bolt 12 a ƙarƙashin gado. Har ɗan murfi ya sassaƙa mata saboda ƙurar hunturu. Aikin ya burge ni, sai dai hankalina bai kwanta da siririyar wayar wuta kusa da katifa ba, na kuma faɗa masa. Ya ce, "Gaskiyarka, Malam, shi ya sa ba na haɗawa sai da fiyus." Ina fata sauran ma haka suke yi.

Amsar tambayata kuwa a wani ƙauye na same ta, a tsakar gidan wata dattijuwa. Fitilarta tana kan rufin rumbu tana shan rana, an tokare faifan da dutse. Na ce, "Inna, wannan fitila ana ji da ita."

Ta ce, "Ɗana, ba don haske na saye ta ba. Da aci-balbal na girma, duhu ba baƙona ba ne."

'Yarta ce ta tafi Aljeriya neman abin kai wa baka, ta bar mata yaro. A ƙasar Kance ba a ambaton wannan tafiya da wasa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a sahara kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, akasarinsu mata da yara, da yawansu 'yan wannan yanki. Duk uwar da nata ke can, kunnenta na kan waya.

A da, in ji ta, sai ta ba jikanta wayar da dala ashirin ya taka zuwa wurin mai caji, wayar ta wuni a can cikin ɗaruruwan 'yan uwanta. Wata rana 'yar ta kira har sau uku da wayar aro, ba kowa a kusa. Da aka nemi lambar daga baya, mai ita ya riga ya tashi daga garin. Wata biyu ta yi ba ta ji muryarta ba. "Abinci ma ba ya wuce mini," ta ce, tana murza bakin zanenta. Da kaka ta yi, ta sayar da gyaɗa ta sayi fitilar. Yanzu wayar a gefen tabarmarta take kwana, igiya a maƙale.

Sai dai batir ɗaya ne, masu sha biyu. Ranar da hazo ya rufe rana ko hadari ya wuni, ba ya cika, dole a zaɓa: ko jikan ya yi bitar karatunsa, ko waya ta sha. Na tambaye ta wanne take zaɓa. Ta dubi yaron, ta yi shiru, sannan ta ce, "Shi ma muryar uwarsa yake jira." Faifan da ya ɗara nata girma zai iya ɗaukar duka biyun, amma kuɗin gyaɗar bai kai nan ba.

A ƙauyen na kwana, ranar kuwa an yi hazo. Ana idar da sallar isha ta kashe fitilar ta jona wayar, yaron ya ɗauki littafinsa ya koma bakin murhu.